Injin Ban Ruwanmu Yana Jiran Biki

An ce babu inji a cikin gidan injin. Maganar ta fito ne daga rumfar taliyar Chaluai, inda duk wata magana ta ƙauyenmu take fitowa, kuma kafin rana ta take har ta zagaye gari ta dawo da ƙari. Wasu suka ce an sayar da shi a hayin kogi. Wasu suka ce ba a ma taɓa sayensa ba, hotonsa aka saya. Wata ta rantse yana gidan surukin wani babba, yana cika masa tafkin kifi. Saboda haka, masu karatu, in wani ya ba ku labarin ya ga tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu ranar Litinin a kan kifaffen bokiti tana leƙa tagar ginin gwamnati, ni ce. Bokitin ya fashe, gwiwata kuma har yanzu ba ta yafe mini ba.

Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da lissafi a makarantar firamare, kuma abin da na fi buga tebur a kansa shi ne "an ce" ba amsa ba ce. Ba zan tsufa in karɓi abin da na hana yara ba, ko da kuwa maganar ta yi mini daɗin ji. Wannan kuwa ta yi mini daɗi ƙwarai.

Ga waɗanda ba su san garinmu ba: zaɓe uku aka yi ana yi mana alƙawarin injin da zai ɗebo ruwa daga kogi ya zuba a magudana ya kai gonakin shinkafa. A zaɓe na farko aka kawo mana allo. A na biyu aka sake wa allon fenti. Bayan na uku, abin mamaki, aka gina. A watan Mayu aka gama, rufi shuɗi, shinge, tukwanen furanni a jere, magudanar siminti ta miƙe ta ratsa gonaki arba'in da 'yan kai. Yau watanni uku ke nan, kuma waɗanda suka fi amfana da magudanar su ne karnukan gari, don simintin yana da sanyin kwanciya da hantsi.

Ni ba ni da gona. Maƙwabcina Khamphan ne ke da ita, shekararsa sittin da ɗaya, 'ya'yansa duk suna Bangkok kamar 'ya'yan kowa. Shekara da shekaru yana watsa iri ne ya jira sama. Bana da ya ga ginin da idonsa, sai ya yi abin da mai hankali zai yi idan ya yarda da gwamnati: ya zuba irin shinkafa mai ƙamshi a gado guda, don ya yi dashe idan ruwa ya shiga gona. Tsakiyar Yuli sama ta ɗauke. Iri yana son a cire shi yana kwana talatin, in ya wuce hamsin ya zama ciyawa. Ranar da na hau bokiti, na Khamphan yana kwana arba'in da huɗu, yana shayar da shi da garwa daga rijiyar gida, gonar kuwa ta tsattsage har kaza kan faɗa a ciki. In ruwa bai shiga ba cikin mako, babu shinkafar ci babu ta sayarwa, sai ya bi 'ya'yansa birni ya ɗauki siminti a kafaɗa.

Kada wani ya ce mini ya ja ruwa da ƙaramin inji. Tsakanin gonarsa da kogi tafiyar rabin awa ce, man dizal kuwa ku ma kun san layinsa, kun san kuma yadda yake tashi duk lokacin da wani Mai Girma ya fito a talabijin ya ce an daidaita shi. A talabijin ɗin ne kuma nake jin cewa mu ne ke ciyar da duniya. Ban musa ba. Duniya dai ta ci sa'a ba ta san yadda ake yi ba.

Ƙarar fashewar bokitin ce ta fito da mai gadi, Sawaeng, wanda na koyar da 'ya'yansa mata uku. Ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini zani, ya ce me ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce ban san ana buɗewa ba. Ya ce ai ba wanda ya taɓa tambaya.

Injin yana nan. Na so ƙwarai in ba ku wani labarin, amma yana nan, kore, ƙato kamar ɗan giwa, an rataya masa sarƙar furanni, sai ƙyalli yake. Na zagaya shi sau biyu, na ƙwanƙwasa shi da sandata ko kwali ne. Ƙarfe ne. Sawaeng ya ce kullum yana goge shi, duk Juma'a kuma yana tayar da shi minti goma don kada ya yi tsatsa, haka takardar kamfani ta ce. Na tambaye shi ina ruwan yake zuwa a minti goman. Ya nuna mini bututu biyu da wani sitiyarin ƙarfe da ake murzawa. In an murza dama ruwa ya shiga magudana, in an murza hagu ya koma kogi. Hagu yake murzawa.

Na ce, "Sawaeng, me zai faru in hannunka ya yi kuskure ya yi dama?"

Ya ce, "Malama, ai ba a buɗe shi ba tukuna."

Na nuna masa cewa yanzu ya gama gaya mini yana aiki. Ya ce aiki daban, buɗewa daban. Ba a kawo malaman addininmu masu zuhudu su tara sun yi addu'a ba, ba a yayyafa ruwan albarka ba, Mai Girma shugaban ofishin ruwa bai danna maɓalli ba. In shi ya saki ruwa, ranar biki me Mai Girma zai buɗe? Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ya ƙara da haka yana kallon ƙasa. Na bar shi.

Da na koma rumfar Chaluai na shaida musu abin da na gani, ba wanda ya ji daɗi. Sata aba ce da mutum ya san inda zai ajiye ta a ransa. Chaluai ta ce wataƙila da daddare aka dawo da shi da aka ji zan je. Mutum biyu kuma suka tambaye ni ko na lura da lambar da ke jikin injin, suna son lambobi ukun ƙarshe saboda tikitin caca.

Talata na hau a-kori-kurar haya mai benci biyu a baya zuwa ofishin ruwa na gundumarmu. Shugaban wurin, wanda zan kira Mai Girma Uban Magudanai, ba ya nan. Kujerarsa tana nan, an ɗora mata matashi sabo, an kunna mata fanka. Mataimakinsa na samu, Mai Girma na Biyu, wanda ya taɓa zama a bencin baya a ajina, kuma ina tuna shi da kyan rubutu da tsoron ɗaga hannu. Yana ganina ya zagayo tebur, ya durƙusa, ya haɗa tafuka har goshi, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi da yankakken mangwaro. Ladabi irin wanda ke sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Don haka na rubuto tambayar a takarda tun daga gida.

Bayaninsa ya ɗauki rabin awa, bari in taƙaita muku. Masanin taurari ya zaɓi ranar buɗewa tun watan Yuni, ƙarfe tara da minti tara na safe. Sai allon dutsen da za a rubuta sunan Mai Girma bai iso ba, ranar ta wuce. Kafin a samu wata rana mai kyau, damina ta kama, Mai Girma kuma ya ɗauki hutun da doka ta ba kowane ma'aikaci namiji sau ɗaya a rayuwarsa, ya aske kai, ya ɗaura mayafi ruwan goro, ya shiga zuhudun wata uku don ladan ya kai ga mahaifiyarsa. Sai Oktoba zai fito.

Ba ni da ta cewa a kan wannan. Mijina ya yi, ɗana ya yi, na yi kukan farin ciki duka biyun. Na dai tambayi mataimakin ko ba shi ne ke riƙe da ofis ba a yanzu. Ya ce shi ne, a takarda. Na ce to ya buɗe. Ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban baƙi, ya ce aikin nan Mai Girma ne ya yi ta fafutukarsa shekara shida, in ya dawo ya tarar ƙaraminsa ya danna maɓalli, da wane ido za su dubi juna? Na ce to a aika a tambaye shi. Ya ce wa zai ɗauki fayil ya kai wa mutumin da ya ajiye duniya?

Na gaya masa maganar Khamphan, da kwana arba'in da biyar. Ya rubuta sunan da kyakkyawan rubutunsa, ya ce za a kafa kwamiti ya duba halin da manoma ke ciki. Ya raka ni har bakin titi, ya riƙe mini laima.

Kafin ku fara zagin ma'aikata, ku saurari abin da ya faru da yamma. Na samu Khamphan a bakin rijiya da garwa biyu, na ce ya shirya, gobe mu tara masu gonaki arba'in mu je ofishin mu zauna a ƙofa. Ya ajiye garwa ya dube ni kamar na ce mu je mu yi tsirara a kasuwa. Ya ce mutanen nan sun gina mana abu, yanzu kuma mu je mu tsaya musu a ka? Ya ce ɗan ƙanwarsa yana neman aikin share-share a ofishin. Ya ce wataƙila ma a yi ruwa. Na ɗaga kai, sama fes kamar an wanke faranti.

"Yaya Malama," in ji shi, "ke dai kin yi karatu da yawa. Ba komai, za a buɗe."

Wannan "ba komai" ɗin, da ana fitar da ita waje kamar shinkafa, da mun fi kowace ƙasa arziki. Muna noma ta rani da damina, ba ta son taki, ba ta son ruwa.

Tun ina yarinya ake gaya mini jin nauyin juna shi ne ya riƙe ƙasar nan, shi ya sa ba mu da hayaniya irin ta wasu, shi ya sa baƙi ke zuwa daga nesa su ɗauki hoton murmushinmu. Na koyar da haka ma a aji, yana cikin manhaja. Yanzu da na tsufa nakan so a ce wani ya taɓa auna abin, kamar yadda ake auna ruwan sama, a ga buhu nawa yake ci a shekara.

Alhamis tun da asuba na dafa shinkafa mai danƙo, na gasa kifi, na tsige damin iri ɗaya daga gadon shukar Khamphan ba tare da na tambaye shi ba, na ɗauki hayar babur mai kwando a gefe zuwa gidan zuhudun da ke cikin daji, bayan gari biyu. Tunda ba wanda zai kai fayil, ni zan kai abinci, wannan kuwa ba a hana tsohuwa.

Na gane Mai Girma a layin masu zuhudu, na huɗu, duk da babu gashi babu gira babu tabaran da yake sanye da shi a hotonsa na jikin allon aikin. Ya rame, ƙafarsa ba ta saba da tsakuwa ba. Bayan sun ci abinci na matsa na zauna a ƙasa, ƙafafu a baya, na sunkuya sau uku ga mutumin da na girme shi da shekara ashirin, kuma ban yi da ƙyashi ba, mayafin ake yi wa. Mace ba ta miƙa musu abu hannu da hannu, don haka ya shimfiɗa ɗan ƙyallen karɓa a gabansa. Na ɗora damin irin a kai. Ganyen ya riga ya yi ja daga sama.

Ya daɗe yana kallonsa. Ɗan manomi ne ashe, bai buƙaci bayani ba. Ya tambayi kwana nawa, na ce arba'in da bakwai. Ya tambayi daga ina, na faɗa.

Ya ce, "Ruwan bai kai can ba ne, Uwa? Magudanar ta fashe?"

Na ce, "Ba a buɗe ba. Ana jiran fitowarku."

Na ga mutane da yawa sun yi mamakin ƙarya, na shekara talatin da takwas ina kallon yaran da suka ce ba su san an ba da aikin gida ba. Nasa mamakin na gaske ne. Ya ce kafin ya aske kai ya rubuta takarda, ya sa hannu, ya miƙa wa mataimakinsa da kansa, cewa a saki ruwa ranar da manoma suka buƙata, kada a jira shi, biki ya biyo baya.

Na ji wani sanyi a raina. Na ce to shi ke nan, ya ba ni layi biyu a takarda in kai, ko ya ari wayar wani ya kira.

Ya sake duban damin irin. Sannan ya ce shi yanzu ba shi da ofis, bai dace mai mayafi ya riƙa ba da umarni a harkar hukuma ba. Na ce ba umarni ba, tuni. Ya ce in saƙo ya fito daga nan, duk gunduma za ta ji cewa mataimakinsa ya kasa, har sai da aka taso mutum daga zuhudu. Yaron kirki ne, in ji shi, yana da iyali, yana jiran ƙarin girma a ƙarshen shekara. Takardar tana hannunsa, ba ya buƙatar wata. In je in tuna masa a hankali, kada in ce daga nan na ji. Ya yi mini addu'a, ya yi wa Khamphan, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Damin irin ya ce a bar masa.

Juma'a na koma wurin Mai Girma na Biyu. Aka sake kawo ruwan sanyi. Ban bi a hankali ba, ban kuma ɓoye inda na je ba, a shekaruna ba ni da lokacin zagaye. Fuskarsa ta yi fari da ya ji na je dajin. Ya buɗe aljihun tebur na sama, ba tare da ya nema ba, ya fito da takardar a cikin leda. Ya san inda take sarai. Na karanta ta sau biyu. Babu kalma ɗaya mai wuya a ciki.

Na ce, "Ka karanta wannan?"

Ya ce, "Malama, ai haka manya ke cewa."

Ya yi mini bayani kamar ni ce a bencin baya. In babba ya ce kada a jira shi, karamci ne ya yi, na ƙasa kuma sai ya rama da nasa karamcin, ya jira. In an zauna cin abinci babba ya ce ku fara, wa ke farawa? Da Mai Girma yana nufin a buɗe da gaske, da ya faɗa sau biyu, ko ya aiko daga baya. Na ce ga ni, daga wurinsa nake. Ya tambaya ko Mai Girma ne ya aiko ni. Na buɗe baki, na tuna mayafin, na tuna ban taɓa yi wa ɗalibi ƙarya ba. Na ce a'a, bai aiko ni ba, ya ma ce kada in ce daga can na ji. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda lissafinsa ya fita daidai, ya mayar da takardar cikin leda.

A nan ne ya kamata in buga tebur. Na san yadda ake yi, hannuna ya san hanya. Amma ga shi a durƙushe kusa da kujerata, ga ma'aikata shida a bayan gilashi suna yi kamar ba sa ji, kuma duk wanda ya ɗaga murya a ƙasar nan ya faɗi, ko da shi ke da gaskiya. Na ji nauyinsa. Na rubuta muku wannan ne don kada wani ya ɗauka ni na fi su. Na shanye ruwan, na gode masa, ya riƙe mini laima har titi. A motar dawowa muka bi ta bakin kogi wajen ƙarfe goma, na ji injin yana ruri, lafiyayyen sauti, sannan ya yi shiru.

Chaluai har yanzu tana kan bakanta cewa akwai ɓarawo a maganar, ba a dai gano shi ba ne. Ta ce in rubuta a jarida yadda abin yake, kada in rage komai. To ga shi.

Injin yana cikin gidansa, sabo ne, yana aiki, ba a saci ko ƙusa ɗaya ba. Umarnin a saki ruwa yana aljihun tebur da sa hannu tun farkon Yuli. An sa bikin buɗewa ranar sha tara ga Oktoba, ƙarfe tara da minti tara. Irin Khamphan ya bushe yana kwana hamsin da uku. Ya saki ɓaunar noman ƙanensa ta cinye abin da ya rage, ya bar mini makullin gidansa, ya hau motar Bangkok ranar Laraba.